Darasi: yadda ake buɗe mashigin jirgi idan ciyawar ruwa ta toshe shi

Duk wanda ya taɓa dawowa daga su da kifi cike da kwale-kwale ya tarar ciyawa ta rufe bakin gaɓa ya san asarar da ke ciki. Kifin da ya kamata ya hau banda da hantsi sai ya kai la'asar a rana, mai saye kuma ya rage kuɗi. Idan jirgi mai inji ne, ciyawar ta naɗe farfela, ta toshe ƙofar da inji ke shan ruwan sanyaya kansa, ya yi zafi ya tsaya. Wannan darasi na masunta ne da matan da ke wanki da ɗiban ruwa a mashigan Tafkin Chadi, musamman na wajen Baga Sola da Bol.

Tafkin ba shi da zurfi, shi ya sa ciyawa ke samun wurin zama. A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya ja baya ƙwarai, ciyayi suka kama wuraren da ya bari, da ruwan ya dawo kuma bai kore su ba.

Abu na farko shi ne a gane irin ciyawar, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai mai yawo a kan ruwa, kamar kainuwa, wadda saiwarta ba ta taɓa ƙasa. Akwai kuma mai kafe a laka, kamar kachala da gabara. Wanda ya yi wa kachala aikin kainuwa ya yi aikin banza.

Mu fara da kachala, don ita ce ta fi wahalar da mutane. Mutanen Hadeja da Nguru sun san ta sarai: bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara a wuraren da a da suke bushewa, kachala ta cika hanyoyin ruwa da gonakin fadama. Ƙarfinta yana ƙarƙashin laka, a cikin saiwa mai kauri da ke miƙewa tana tsiro. Saiwar nan tana samun iska ne ta cikin ganye da kara, waɗanda ke da ƙananan ramuka kamar bututu. Idan aka sare ta a saman ruwa, kututturen yana nan yana shaƙar iska, cikin 'yan makonni ta dawo. Ƙonawa ma haka, tunda wuta ba ta kai wa saiwa. Amma idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ko fiye, ruwa ya rufe bakin kututturen, saiwar ta rasa iska ta fara ruɓewa. Sau ɗaya ba ya isa. Da sabon tsiro ya leƙo sai a sake yankewa, sau biyu ko uku a jere.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Yawancin ruwan tafkin daga kogin Shari yake zuwa, kuma cikarsa tana isowa ne bayan damina, ya kai ƙarshen tashinsa cikin hunturu. Yankan da aka yi ruwa yana hawa ya fi amfani, domin ruwan zai ƙara binne kututturen. Wanda aka yi ruwa yana janyewa kuwa, kwana kaɗan kututturen ya fito fili.

Ita kainuwa ba yanka take so ba, kwashewa take so. Iska ce ke tara ta: yau mashigi a buɗe, gobe da safe ya rufe. A lura da inda iskar hunturu ke turo ta da inda iskar damina ke turo ta, a tare ta daga can. Ana ɗaura jarkoki marasa komai ko gungumen itace mara nauyi a doguwar igiya, a kafa turaku biyu, a bar ƙofa ɗaya ta jirage. Wadda ta riga ta shigo, jirage biyu su ja igiyar su kewaye ta kamar jan koma, su kawo ta gaɓa, a kwashe da manjagara.

To, ina batun injuna? Injin girbin ciyawar ruwa jirgi ne mai faɗin ƙasa. A gabansa akwai wuƙaƙe masu kai da kawo da ke yanka har zurfin mita ɗaya da rabi ko biyu, sai bel da ke ɗauko abin da aka yanka zuwa cikin jirgin. Ba ya amfani da farfela, ƙafafu biyu masu filafilai ne a gefensa suke tura shi, don kada ciyawa ta naɗe shi. Akwai kuma motar haƙa mai iya tafiya a fadama, wadda ke tumɓuke kachala da saiwarta. Aikinsu yana da sauri, amma suna shan mai, kayan gyaransu daga nesa ake kawowa, kuma inji ba ya isa lungun da ruwa bai kai gwiwa ba. Ko an kawo shi ya buɗe babbar hanya, riƙe mashigi a buɗe aikin hannu ne.

Tafkin Biktoriya, a Gabashin Afirka, ya ga wannan. A shekarun 1990 wata ciyawa mai yawo 'yar asalin Kudancin Amurka, mai fure shuɗi-shuɗi da kumburarren kara, ta rufe tashar jiragen Kisumu a Kenya. A 1999 aka kawo injuna daga Amurka masu daddatsa ta a cikin ruwa, aka kuma yi ta gardama a kan barin datsattsiyar ciyawar a tafkin. Masu sukar suna da hujja. Ciyawar da ke ruɓewa a ruwa tana cinye iskar da kifi ke shaƙa, ta zama taki ga wadda za ta biyo baya, guntun da bai mutu ba kuma ya sake toho. Ciyawar nan tana kogin Kwara, mutanen Yamai sun san ta, kuma tana iya ninka yawanta cikin mako biyu. Wanda ya gan ta a mashiginsa ya tsame ta nan take, ya sanar da shugaban masunta.

Don haka duk abin da aka yanka a fitar da shi, a kai shi tudun da cikar ruwa ba ta kaiwa. Kainuwa kusan duk ruwa ce, kwana kaɗan a rana tulin zai sauka, a zuba a lambu. Busasshiyar kachala tana yin tabarma da jinka da shinge. A Senegal da Muritaniya har gawayi ake yi da ita.

Sai kiyaye lafiya. Ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya a jikin ciyayin nan suke zama, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga. A yi aiki daga cikin jirgi da lauje mai doguwar ƙota gwargwadon iko, mai takalmin roba ya sa, yara kuma kada a tura su cikin ruwan. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibitin sansani, akwai maganinta. A buga ciyawa da gora kafin a matsa kusa saboda maciji, a guji wurin da aka ga sawun dorina. A sanar da jami'an tsaro ranar da za a yi gayya da iyakar inda za a tsaya. Wanda laujensa ya ci karo da baƙon ƙarfe a cikin laka kada ya ɗaga shi: ya kafa sanda a wurin, kowa ya ja da baya, a kai rahoto.