Matakan Da Budurwa Za Ta Bi Ta Ci Da Kyau Ba Tare Da Ta Cuci Jikinta Ba

Daga shekara 10 zuwa 19 jikin mace gini yake yi. Tsawo na ƙaruwa, ƙugu na buɗewa, kitse na taruwa a ƙirji da cinyoyi, kuma kusan rabin ƙashin da za ta rayu da shi a wannan tsakanin ake tara shi. To a daidai lokacin ne bakin mutane ke yi mata yawa. Mai jiki a ce ta cika ƙiba, siririya a kira ta sillen kara. Waccan ta ƙaurace wa abinci, wannan ta nufi kemis, kuma duk biyun kansu suke cuta. Ƙanwata, ga hanyar da ta fi.

Mataki na 1: Ki san inda kike tukuna

Ki je asibiti ko ɗakin shan magani a auna tsawonki da nauyinki. Ma'aunin da ake yi wa manya ba naki ba ne. Naki ana duba shi ne da shekarunki. Da yawa daga masu kukan ƙiba za su tarar girma ne kawai ya zo.

Mataki na 2: Kada ki tsallake karin kumallo

Wadda ta fita makaranta da yunwa, kafin a tashi tara ta cika cikinta da fanke da cincin da lemon kwalba. Koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai, ko ɗumame da miya, sun fi riƙe ciki.

Mataki na 3: Ki gyara tsarin kwanon

Ba tuwo ne matsalar ba. Matsalar ita ce malmala uku da miya cokali biyu. Ki juya lissafin: rabin kwano ganye da kayan lambu, kamar zogale, rama, alayyahu, kabeji ko kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki, wato wake, awara, kifi, ƙwai ko nama, ragowar kuma tuwo, shinkafa ko doya. Gero da dawa da acha sun fi farar fulawa daɗewa a ciki. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dambu, faten wake, alale: duk waɗannan da wasu 'yan mata ke rainawa a matsayin abincin ƙauye sun fi taliyar leda nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa sun fi ta araha. A rage mai, a rage dunƙulen ɗanɗano da gishiri.

Mataki na 4: Ki kula da jininki

Nan ne aka fi sakaci. Duk wata al'ada tana fitar da sinadarin ƙarfe, wato ayon, daga jiki, kuma budurwa mai shekara 14 zuwa 18 na buƙatar kimanin miligiram 15 nasa kullum. Idan ya yi ƙaranci sai kasala, jiri, bugun zuciya da kasa riƙe karatu su biyo baya. A gida a ce lalaci ne, alhali ƙarancin jini ne. Hanta, jan nama, kifi, wake da ganyaye suna ɗauke da shi. Amma na wake da ganye jiki ba ya zuƙarsa sosai sai an haɗa masa da abu mai bitamin C: lemon zaƙi, gwaiba, tumatir, ko ki matsa lemon tsami a kwaɗo. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tare hanyar. Ki bar aƙalla awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi.

Ƙashi kuma nono da kindirmo yake so, da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya.

Mataki na 5: Ki duba abin da kike sha

Kwalbar lemo mai santilita 50 na iya ɗaukar sukari wajen cokalin shayi goma sha biyu, kuma ba ta ƙosar da kowa. Zoɓo da kunun aya da fura ma, in aka zabga musu sukari, sun koma sahu ɗaya. Ruwa ya zama shi ne na kullum, lemo na ranar biki.

Mataki na 6: Ki motsa, ki yi barci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar awa ɗaya ta motsa jiki kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Ba sai an je gidan motsa jiki ba: tafiya da sauri zuwa Islamiyya, tsallen igiya a tsakar gida, daka, wanki, duk suna cikin lissafi. Barci awa 8 zuwa 10. Mai kwana latsa waya tana tashi da kwaɗayin zaƙi.

Mataki na 7: Ki nisanci ƙwayoyi, na ƙiba da na rama

Abin da ake kira "sha ka fashe" yawanci haɗi ne da ke ɗauke da dexamethasone ko cyproheptadine. Na farkon magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don cuta takamaimai. In aka daɗe ana shan sa fuska ta kumbura, fata ta tsattsage, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi, ga hawan jini da ciwon suga. Cikar da ake gani rabinta ruwa ne da kitse a inda ba a so. Wadda ta riga ta daɗe a kansa kada ta yanke shi rana ɗaya, don hakan ma haɗari ne. Likita ne zai janye mata shi a hankali.

Shayin rage tumbi da ake tallatawa a TikTok da Instagram kuwa, da yawansa maganin gudawa ne irin filasko. Ruwan jiki yake zubarwa, kitsen na nan daram.

Mataki na 8: Ki san lokacin neman taimako

In al'adarki ta ɗauke wata uku, ko kina rama ba dalili, ko kin fara tsoron abinci, kina ɓoye shi ko kina janyo amai bayan kin ci, ki faɗa wa Umma ko wata yaya da kika yarda da ita, ku je asibiti tare a satin nan.