Amsar Tambaya: Ko Silindar Wata Libarba Za Ta Shiga Tsohuwar Webley?

Tambaya: Ina zaune a Amurka, na gaji libarba ƙirar Webley Mk VI, amma silindarta ta lalace. Ko zan iya sayen wata in sa?

Amsa: Malam, kada ka sa da kanka. Sojojin Ingila sun karɓi wannan bindiga a 1915, a zamanin da maƙeri ke goge kowane sashe da hannu har ya dace da jikin bindigarsa. Saboda haka silindar wata Webley tana iya shiga, amma ramukanta su ƙi daidaita da bututu, harsashi ya bugi gefe, ɓarɓashin darma ya fantsamo.

Za ka ce ai ƙira ɗaya ce. Gaskiya ne, sai dai da yawa daga waɗanda aka kai Amurka an kankare musu bayan silinda domin su ɗauki harsashin .45 ACP, wanda ƙarfinsa ya zarce na .455 da aka ƙera bindigar dominsa. Kuɗin gwanin maƙeri bai kai darajar ido ko yatsa ba. Kai masa ya auna ta, kafin nan kada ka harba.