Na Saka Ubuntu Gefen Windows, Ya Ƙi Tashi

Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. An ce kowa ya saka Linux saboda darasin wannan zangon, sai na zuba Ubuntu 24.04 a filashi, na yanka masa wuri a hadis ɗin laftof ɗina. Ana dab da gamawa aikin ya tsaya, wai GRUB ya kasa shiga. Yanzu in na kunna, Windows 11 kaɗai ke tasowa. Mai gyara ya ce sai an yi fomatin komai, ga shi furojet ɗina yana ciki. Ina mafita?

Ɗalibi daga Zariya

Ƙanena, kwantar da hankalinka, kada ka yarda a yi fomatin. Tunda Windows yana tashi, kayanka suna nan lafiya. Amma ka fara kwafe furojet ɗin a wani filashi daban.

GRUB ita ce 'yar manhajar da ke tarbar ka da zaɓin Windows ko Ubuntu. Abin da ya fi hana ta zama shi ne saɓanin hanyar tashi. Hanyoyin biyu ne: tsohuwa Legacy, sabuwa UEFI. Windows 11 da UEFI yake aiki, to idan filashinka ya tashi ta Legacy, GRUB za ta nemi mazaunin da babu shi a hadis ɗin.

Danna maɓallin Windows da R, rubuta msinfo32, ka duba layin BIOS Mode. In ka ga UEFI, sake haɗa filashin da manhajar Rufus, ka zaɓi GPT. Kashe Fast Startup a saitin wuta. Idan BitLocker yana kunne, rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda, sannan ka kashe BitLocker ɗin. Shiga Disk Management ka goge yankin da ka yanka wa Ubuntu, za ka gane shi da girmansa. Ƙaramin yankin nan mai suna EFI kuwa, kada ka taɓa shi, da shi Windows yake tashi.

Cika batir kafin ka fara, kada ɗaukewar wuta ta katse ka. Da ka kunna, danna F12 a Dell ko Lenovo, F9 a HP, ka zaɓi sunan filashin da UEFI ke gabansa. Wajen sakawa ɗauki zaɓin da zai zaunar da Ubuntu gefen Windows. Wanda ya ce Erase disk shi ne mai share komai, ka karanta da kyau kafin ka danna.

In an gama kuma Windows ya sake riga Ubuntu tashi, shiga BIOS ka ɗaga ubuntu sama da Windows Boot Manager. Idan wani saƙon ya fito, ɗauki hotonsa ka turo mana. Allah ya ba da sa'ar karatu.