Darasi: Rawanin Soro da Yaron da Muka Ba Feshi

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:8, Farawa 4:8-10

A cikin dokokin da Ubangiji ya ba Isra'ilawa ta hannun Musa akwai wata 'yar gajeruwa wadda ba safai muke jin ta a Misa ba, ta kuwa shafi gini. An umarci wanda ya yi sabon gida ya kewaye bisan soronsa da rawani, don kada wani ya faɗo ya mutu, alhakin jininsa ya hau kan gidan. A ƙasar tasu bisan soro ake shanya, can ake shan iska, wani lokaci ma can baƙo yake kwana. Abin lura shi ne, dokar ba ta tsaya ga yi wa mai hawa gargaɗi ba. Mai gida ta kama, domin shi ya san inda haɗarin yake, shi ne kuma mai halin toshe shi.

Mu a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara soronmu gona ce. Da an yi shuka, daga nan har Dandume, za mu ga samari goye da injin feshi mai cin lita 16 ko 20, suna bi kuyya kuyya cikin masara da waken soya. Yawancinsu ƙwadago suke yi, a kan kowane goyo ake biyansu, saboda haka sauri ne ribarsu. A shekarun nan kuma tsoron 'yan bindiga ya ƙara wa kowa gaggawa: a shiga gona, a gama, a fito tun da sauran rana. Yaro yakan tafi da singileti da silifa, injin yana yoyo a bayansa tun safe. In bakin injin ya toshe ya sa baki ya hura. In ƙishi ya kama shi ya sha ruwa da hannun da ya dama magani.

Sunan da muka ba abin nan yana ruɗinmu. Muna ce masa magani, alhali guba ce aka yi don ta kashe. Ba sai an sha ba take shiga jiki. Ta fata take bi, musamman in akwai zufa ko ƙujewa, tana kuma bin numfashi da ido. Lokacin da ya fi haɗari shi ne na haɗawa, sa'ad da ake tsiyayo ta tsantsarta daga kwalba. Maganin ƙone ciyawa mai suna paraquat ba shi da makari. Kurɓi ɗaya yana iya kashe babban mutum, yakan kuwa ci huhu sannu a hankali cikin kwanaki ko makonni, bayan dangi sun ɗauka an sami sauƙi. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC kuma ta sanar da haramta shi a Nijeriya daga farkon 2024. Magungunan ƙwari irin su dichlorvos, wanda muka sani da ota-fiya-fiya, jijiyoyi suke kamawa: zufa ta karyo, yawu ya yi ta zuba, a yi amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance, ƙirji ya ɗaure. Sau da yawa mukan ce rana ce ta buge shi, ko kuwa mu ce jifa ne, mu kwantar da shi a ɗaki har lokacin ceto ya wuce.

Kowace kwalba ta kirki tana da zane mai launi a gindin takardarta. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ko wanda bai yi boko ba yana iya karanta wannan. Wanda aka ɗura a gorar lemo aka sayar a kasuwa ba shi da takarda ko kaɗan, kada mu saye shi, komai araharsa.

To, mene ne rawanin da ya wajaba mai gona ya ja? Injin da ba ya yoyo. Riga mai dogon hannu da dogon wando, takalmin roba, safar hannu ta roba, abin rufe hanci da baki. Jarkar ruwa da sabulu a bakin gona. Aikin safe ko na la'asar sakaliya, ba na tsakar rana ba, kuma a bari in iska ta taso. Kada a ci goro ko a sha taba sai an wanke hannu. Mun san amsar da ake bayarwa, wai kayan suna da zafi, wai samari ba sa yarda su sa. Gaskiya ne suna da zafi. Amma wanda ya iya cewa ba zai biya ba sai an gama kadada, yana iya cewa ba za a fara ba sai an sa takalmi. Yaro ƙarami kuwa, da mace mai ciki ko mai goyo, ba su da dalilin taɓa wannan aiki ko kaɗan.

Ikkilisiya ta daɗe da magana a kan haka. A 1891 Paparoma Leo na 13, cikin wasiƙarsa Rerum Novarum, ya tsawata wa masu ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa, da masu sa yara aikin manya. Bayan shekara 90, a 1981, Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya rubuta Laborem Exercens, inda ya lissafa wurin aiki marar cutar da lafiya cikin haƙƙoƙin ma'aikaci, tare da lada da hutu. In muka ji irin wannan koyarwa mukan tuna da masu manyan masana'antu na Kano da Kaduna. Ta shafi mai kadada biyu da ya ɗauki ɗan maƙwabcinsa feshi. Mukan yi ƙoƙari mu biya lada kafin rana ta faɗi, wannan kuwa daidai ne, sai dai kuɗin jinga ba ya sayen huhun mutum. Amsar da Kayinu ya ba Allah, cewa tsaron ɗan'uwansa ba aikinsa ba ne, ita ce muke maimaitawa duk ran da muka ce, ai shi ya karɓi aikin da kansa.

Haɗarin kuma yakan biyo ma'aikaci har gida. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga haka a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda masu haƙar zinariya suka riƙa kawo duwatsu cikin gida ana niƙawa. Duwatsun suna ɗauke da dalma, ƙurar ta bi ƙasa da abinci, yara fiye da 400 suka mutu. Iyayen nan neman abinci suke yi wa 'ya'yan. Mai feshin da ya dawo ya ɗauki jaririnsa kafin ya yi wanka, da uwargidan da ta haɗa rigarsa da kayan yara a bahon wanki ɗaya, da wanda ya ɗauraye kwalbar magani ya zuba mai ko gishiri, duk a wannan hanya suke. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin injin, a huda ta don kada wani ya tsinta. Wadda ba ta ƙare ba a kulle ta nesa da ɗakin kwana da rumbu.

In tsautsayi ya auku, a cire wa mutum tufafinsa nan take, a wanke shi da ruwa mai yawa da sabulu. In ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15. Kada a ba shi madara ko manja, kada kuma a sa shi amai, domin abin yana iya komawa huhu. A kai shi asibiti tare da kwalbar, ko da yana cewa ya ji sauƙi, gama sunan da ke jikinta shi zai nuna wa likita allurar da ta dace.

Ba kowa ne zai iya sayen kayan kariya shi kaɗai ba. Kakanninmu da gayya suka noma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Muna roƙon katekis na kowace majami'a ya karanta wannan darasi bayan sujadar Lahadi, ya zauna da dattawa da matasa da Zumuntar Mata, a ƙidaya masu feshi nawa ne a cikinmu, a ga ko za a haɗa kuɗi a sayi takalma da safar hannu ko da saiti uku ne, a ajiye wurin mutum ɗaya ana aro, kafin feshin farko na daminar bana.