Shirin Jiki Kafin Aikin Gyaran Ciki

Wata macen idan ta yi haihuwa huɗu ko biyar, cikinta ba ya komawa yadda yake. Fata ta saki, naman ciki ya rabe a tsakiya. Wanda ya yi ƙiba sosai sannan ya rame, shi ma fatar cikinsa takan zubo. Likitoci suna da aikin da suke yi wa irin wannan. Su yanke fatar da ta yi yawa, su ɗinke naman da ya rabe. Yankan yana ƙasan cibiya, daga wannan ƙugu zuwa wancan. Aikin ba ya maganin ƙiba. Mai son ƙara haihuwa kuma gara ta dakata, don sabon ciki zai iya sake buɗe abin da aka ɗinke.

Likita ɗinki kawai zai yi. Jikinki ne zai haɗe raunin, da abin da kika ci zai haɗe shi. Nan mutane da yawa suke kuskure. Da an sa musu rana sai su shiga horon yunwa, wai su rame kafin lokaci. Jikin da ya sha yunwa ba ya saurin warkewa. Abin da ake so, nauyinki ya tsaya wuri ɗaya kamar wata 6 kafin aiki.

Ki riƙa cin abinci mai gina jiki kullum: wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa, awara. Ba sai mai tsada ba, ƙosai da alale ma wake ne. Hanta da zogale da alayyafo suna taimaka wa jini. Lemo da goba suna taimaka wa rauni ya haɗe. Ganye da ruwa kuma suna hana taurin bayan gida, kin kuwa san mai ɗinki a ciki ba ta son yunƙuri.

Sai motsa jiki. Tafiya da ɗan sauri ta isa, minti 30 a rana, kwana 5 a mako. Idan ba ki saba ba, fara da minti 10. Ki kuma riƙa zama kan kujera kina miƙewa, sau goma. Dalili shi ne, bayan aiki ƙafafu da hannuwa ne za su ɗaga ki, ciki yana hutu. Tun yanzu ki koyi tashi daga gado: ki juya gefe, ki sauko da ƙafafu, ki dafa da hannu. Za a sa ki taka da wuri bayan aiki, don kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

Mai shan sigari ko shisha ya daina, aƙalla mako 4 kafin aiki. Taba tana matse hanyoyin jini, sai fata ta ƙi haɗewa. Mai ciwon suga ko hawan jini ya daidaita su tukuna.

Daga ranar aiki har kusan mako 6 bayansa, babu daka, babu ɗaukar bokitin ruwa, babu goyo. Ki nemi mai taya ki tun kafin ranar. Idan za ki ga likita, ki tafi da duk maganin da kike sha ya gani, har da na gargajiya, domin wasu suna sa zubar jini.