Darasi na Bakwai: Yadda Jiki Ke Gane Cuta Ya Kuma Riƙe Kamanninta

Hausawa sun daɗe da lura cewa yaron da ya yi ƙyanda, wato baƙon dauro, ba ya sake yin ta. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka, domin malami a ƙauye shi ne wanda iyaye kan fara tambaya idan masu rigakafi sun zo.

A shekarar 1846 ƙyanda ta ɓarke a tsibiran Faro, waɗanda ke ƙarƙashin Denmak. Likita Peter Panum ya gano cewa tsofaffin da suka yi cutar a annobar 1781 ba su sake kamuwa ba, alhali shekara 65 ta wuce. Ashe jiki yana da wata hanya ta ajiye labarin abokin gaba.

Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da wasu alamomi a jikinta, kamar yadda zane a fuska ke nuna asalin mutum. Masana kan kira irin wannan alama antijin. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da ake kira ƙwayoyin B, waɗanda ake ƙira a ɓargo, suke kuma zama a saifa da kaluluwa. Kowace ɗaya alama guda tak ta sani. Idan cuta ta shigo, wadda ta dace da alamarta sai ta manne mata, ta sami taimakon wasu ƙwayoyin da ake kira T, sannan ta shiga hayayyafa. Wannan aiki na daga cikin abin da ke sa kaluluwa ta kumbura.

Daga cikin 'ya'yan nata, wasu sukan koma masana'antar antibodi, wani sinadari mai siffar gwafa. Da rassan nan biyu yake kama antijin, kuma ba ya kama kowanne sai nasa, kamar makulli da kwaɗonsa. Shi kansa antibodi ba ya yawan kisa. Yakan toshe wa cuta hanyar shiga ƙwayoyin jiki, ko ya ɗaure su dami-dami, ko ya shafa musu alama domin masu haɗiye ƙwayoyin cuta su gane su. A karon farko wannan shiri kan ɗauki mako guda ko fiye, kuma a cikin wannan jinkiri ne yaro ke jin jiki. Sauran 'ya'yan kuwa sukan zauna a matsayin masu tuni, ta yadda in cutar ta dawo za su tashi cikin 'yan kwanaki. Allurar rigakafi tana nuna wa jiki alamar ne ba tare da ya sha wahalar cutar ba.

Jariri yana zuwa duniya da antibodin aro, wanda ya ratsa mabiyiya daga jinin uwa. Dakashi ma cike yake da wani nau'in da ke kare hanji, don haka al'adar matse shi a zubar asara ce babba. Sai dai kayan aro ba ya daɗewa, kuma muddin yana nan yana iya dakushe allurar ƙyanda. Shi ya sa a Nijeriya ake jira sai wata 9, a ƙara ta biyu a wata 15.

Akwai masu cewa gara a bar yaro ya yi ƙyandar ya huta. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa ƙyanda tana lalata ƙwayoyin tuni, har yaro ya rasa kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na ire-iren antibodin da ya tara. Yakan warke daga ƙyanda, amma ya koma buɗe ga gudawa da ciwon huhu da a da jikinsa ya riga ya san maganinsu.