Yadda Ake Kula da Tukunyar Gaz da Murhunta a Gidajen Damargu

A hunturun bara na je gaida innata a Tanut, na tarar ta tura murhun gaz ɗinta ƙuryar ɗaki, ta koma hura kara da kashin shanu, hayaƙi ya cika mata ido. Na ce, "Inna, me ya sami murhun?" Ta ce, "Ɗan nan, gaz ɗin yanzu ba shi da kyau. Wuta ja, gindin tukunya baƙi ƙirin, kuma ba ya kai mini wata." Na kwance kan murhun na kife shi a tafin hannuna, sai ga rairayi da busasshen kunu suna zubowa. Kafin shayi ya tafasa, wutar ta dawo shuɗiya.

A ƙasarmu ta Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, daga Gangara zuwa Tarka, abokan gabar murhun gaz uku ne: ƙura, rana, da sakaci. Ga shi kuma gaz ɗin a ƙofar gidanmu ake tace shi. Matatar SORAZ da aka buɗe a watan Nuwamban 2011 tana yankin Bakin Birji cikin gundumar Olelewa, tana karɓar ɗanyen mai ta bututu daga Agadem. Duk tukunyar da aka dafa da shi, wani icen gawo ko aduwa ne ya tsira daga gatari. To, ga yadda za ki riƙe murhunki ya daɗe, gida kuma ya zauna lafiya.

1. Zaɓa wa tukunyar wurin zama

Ki ajiye ta a tsaye, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Rumfa ko madafa mai taga ta fi ɗakin kwana. Cikin tukunyar ruwan gaz ne, kuma da gangan kamfani ba ya cika ta maƙil, don ruwan yana kumbura idan ya ji zafi. Ranar bazara ta Afrilu da Mayu, wadda ke haura digiri 40, tana ƙara matsin da ke ciki, saboda haka kada ki bar ta a tsakar gida. Ki nisanta ta da zana, dangar kara, rumbu, kalanzir da murhun gawayi. Kada gindinta ya nutse cikin yashi mai laima, tsatsa daga nan take farawa. Ki ɗora ta a kan katako ko daɓen siminti mai daidaito.

Gaz ya fi iskar da muke shaƙa nauyi. Idan ya yi yoyo, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya taru a rami ko lungu, daidai inda jariri ke rarrafe. Shi ya sa ba a ajiye tukunya kusa da rami ko a ɗakin da ba shi da mafitar iska.

2. Duba tukunya tun a wurin saye

Araha ba ta ado. Idan kin aiki yaro sauyo tukunya, ko ƙaramar mai kilo 6 ko babbar mai kilo 12 da rabi, ki koya masa ya duba abu huɗu: hatimin roba da ke bakinta bai tsage ba, jikinta bai lotsa ba, gindinta bai ci tsatsa ba, kuma ba ta wari. Nauyin tukunyar da babu kome ciki yana rubuce a jikinta. In akwai sikeli, a ɗora a gani, abin da ya ƙaru shi ne gaz ɗin. A kan babur ko amalanke, a ɗaure ta a tsaye. Ba a mirgina ta, ba a jefo ta daga mota. Kada ki yarda da tukunyar da aka ɗura daga wata tukunyar a bayan shago, don mai yin haka ba shi da ma'aunin da zai hana ta cika fiye da ƙima.

3. Haɗa ta da murhu

Ki kashe duk wata wuta da ke kusa, har da turaren wuta da sigari. Idan ƙaramar ce, ki juya kan murhun ki duba zoben roba da ke gindinsa. In ya tsage ko ya bushe, a sauya shi kafin a ɗaura. Ki tabbata makunnin a rufe yake, sannan ki murɗa kan da hannu har ya zauna daram. Kada ki tilasta shi in ya shiga a karkace. Ki kwance ki sake.

Babbar tana buƙatar detandar, wato ƙarfen nan da ke rage ƙarfin gaz kafin ya shiga tiyo. Yawancin masu murɗawa hagu suke ɗauruwa, saɓanin sauran kusoshi, shi ya sa mutane da yawa ke lalata su da ƙarfin tsiya. Shi ma yana da zoben roba. A duba shi duk lokacin da aka sauya tukunya. Bakin tiyo biyu kuma a matse su da maɗaurin ƙarfe. Tsumma, leda ko robar taya ba sa riƙe gaz.

4. Gwajin ruwan sabulu

Wannan shi ne uwar dukkan matakan. Ki kaɗa sabulu ko garin wanki a ɗan kofi har ya yi kumfa. Ki buɗe tukunyar, murhu yana rufe, ki shafa kumfar da soso a bakin tukunya, a mahaɗar detandar, da tsawon tiyo gaba ɗaya. Ki zuba ido na minti ɗaya. In kin ga kumfa tana tasowa tana girma kamar ana hura ta, nan ne yoyon yake. Ki rufe tukunya nan take, ki sake ɗaurawa ko ki sauya abin da ya lalace, ki kuma maimaita gwajin. Har abada kada ki nemi yoyo da ashana. Ki yi wannan gwaji duk sauyin tukunya, da kuma sau ɗaya a wata.

5. Tsabtace kan murhu

Sau ɗaya a mako, a hunturu kuwa sau biyu. Ki bari ya huce, ki rufe tukunya, ki cire kan. Ki kife shi ki bubbuga a hankali yashi ya zubo. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu, ki goge da tsohon buroshin haƙori, ki bi ƙananan hujojin ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya, don nan ne kunu, madara da miyar kuka ke daskarewa idan sun tafasa sun zubo. Ki shanya shi ya bushe sarai kafin ki mayar.

A ƙarƙashin kan akwai wata ƴar mitsitsiyar kafa ta tagulla, ta nan gaz ke fitowa. Ki goge ta da buroshi, ki hura. Kada ki zura mata allura ko ƙusa, don in ta ƙara faɗi, wutar za ta lalace, gaz kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. Ki leƙa ramukan da iska ke shiga a gefe, don gizo-gizo da zanzaro na son yin gida a ciki. Bayan girki, in murhu ya huce, ki kifa masa tsohon kwano. Wannan kwanon kaɗai zai tare miki mafi yawan ƙurar.

6. Karanta launin wuta

Wuta shuɗiya mai tsayuwa daidai, lafiya ke nan. Ja ko rawaya mai baƙanta tukunya tana nufin iska ba ta isa, a koma mataki na biyar. Wadda ke tashi sama da kan murhun tana huci, an buɗe ta da yawa ko detandar ya samu matsala. A ranar da ƙura ta cika gari, za ki iya ganin ɗigon ruwan lemo a cikin shuɗin wutar. Ƙurar ce ke ƙonewa, in dai gindin tukunya bai yi baƙi ba. Da sanyin asubar Janairu wuta kan yi rauni, saboda gaz ɗin ba ya saurin tashi cikin sanyi. Kada ki kwantar da tukunyar, kada ki girgiza ta, kada ki kusantar da ita ga garwashi.

7. Tiyo da ƙarfen ɗora tukunya

Ki sayi tiyon da aka yi don gaz, mai shekarar ƙarewa a rubuce a jikinsa. Tiyon ruwa ba ya wannan aiki. Zafinmu yana busar da roba tun kafin wa'adinta, don haka duk wata ki lanƙwasa shi ki duba. In kin ga tsaga, ko ya ƙage, ko ɓera ya ɗanɗana shi, a sauya shi gaba ɗaya, ba a faci. Kada ya bi ta bayan wuta.

Tuƙin tuwon hatsi aiki ne na ƙarfi. Tukunyar mutum goma a kan ƙaramar tukunyar gaz, ga muciya na aiki, kifewa ba ta da wuya. Ki sa maƙeri ya yi miki ƙarfe mai faɗin ƙafafu wanda zai ɗauki nauyin girkin shi kaɗai. Don tare iska, ki kewaye wutar da guntun kwano, amma kada ki lulluɓe har jikin tukunyar gaz ya ɗauki zafi.

8. Kunnawa da kashewa

Ki ƙyasta ashana tukuna, sannan ki buɗe makunni. In bai kama ba, ki rufe, ki jira iska ta kwashe abin da ya fita. Idan kin gama da babbar, ki fara rufe tukunyar, wutar ta cinye ragowar da ke cikin tiyo, sannan ki rufe murhu. Kafin kwanciya barci, hannunki ya taɓa bakin tukunya ya tabbatar.

9. Idan kin ji wari

Asalin gaz ba shi da wari. Kamfani ne ke zuba masa sinadari mai ɗoyi don ya yi miki gargaɗi. In kin ji shi, ki rufe tukunya, ki buɗe ƙofa da tagogi, ki fitar da yara. Kada ki taɓa makunnin lantarki, kada ki ƙyasta kome. In yoyon bai tsaya ba, a fitar da tukunyar fili, nesa da wuta da mutane. Idan wuta ta kama a tiyo kuma hannu zai iya kai wa bakin tukunya, a naɗe hannun da jiƙaƙƙen tsumma a rufe. In mai ne ya kama a kasko, a rufe shi da murfi, ba a zuba ruwa. In wutar ta mamaye tukunyar, kowa ya yi nisa, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

10. Murhun girki ba na jin ɗumi ba ne

A Turai da Amurka akwai murhun gaz da aka ƙera don ɗumama ɗaki, da yawansu da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Namu ba shi da wannan. Idan aka kunna shi a rufaffen ɗaki cikin daren hunturu, yana cinye iskar ɗakin, ya haifar da wata guba marar launi marar wari, irin wadda garwashi ke fitarwa. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi. Wanda ya ji haka a fitar da shi iska, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba.

Ki koya wa ƴarki da duk wanda ke shiga madafa waɗannan matakai, maigida ma ya sani, don ba kullum kike gida ba. Da na koma Tanut da ƙaramar salla, na tarar da tsohon kwano a kife kan murhun Inna, da kofin sabulu a gefe. Ta ce, "Ɗan nan, ashe ba gaz ɗin ba ne." Tukunyar kuwa ta haura mata wata.